Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Yadda Na Auna Wata Kyamara Mai Zuƙo Nesa

A farkon watan Janairun bara, shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa ya miƙo mini wata takarda. An ware wa sashen 'yan kuɗi na sayen kayan aikin fili, kuma an amince a sayi kyamara guda ɗaya domin ɗalibanmu masu ƙidayar tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru. Ya ce, "Dakta, kai ne muke gani da kyamara a wuya ranar bikin yaye ɗalibai. Je ka zaɓo mana wadda za ta ɗauko tsuntsu daga nesa, amma ka sani kuɗin nan ba za su sake fitowa ba sai bayan shekaru." Na karɓa da ladabi, na fito ina jin nauyin abin, domin duk wanda ya yi aiki a jami'ar gwamnati ya san cewa kayan da aka saya bisa kuskure ba a mayar da su. Sai dai su zauna a kabad har ƙura ta rufe su, ana nuna wa sababbin ma'aikata ana ambaton sunan wanda ya sayo.

Ƙidayar nan kuwa ba wasan yara ba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da wannan dausayi ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, manoma da masunta da makiyaya suna ji a jikinsu. Yawan tsuntsaye da ire-irensu na daga cikin ma'aunan da ake gane lafiyar wurin da su. Saboda muhimmancinsa ne aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya ga tsuntsu iri kaza, dole ya kawo shaida, kuma a zamanin nan shaidar ita ce hoto.

Na shiga wani layi na masu sayar da kayan lantarki a Kano, aka nuna mini shagon wani saurayi mai fara'a. Ya ɗauko wata kyamara 'yar Kwatano, baƙa, mai ƙiba kamar ta ƙwararru, an rubuta 50x da manyan haruffa a jikin gilashinta. Bai tsaya dogon bayani ba. Ya ja ni bakin ƙofa, ya nuna mini wani ƙarfen sabis can nesa wanda da ƙyar nake ganin kansa, ya danna wani ɗan maɓalli, gilashin ya riƙa fitowa kamar wuyan kunkuru. Sai ga wata hankaka zaune a kan ƙarfen ta cika ɗan allon da ke bayan kyamarar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Wannan ko kana Dala za ka ƙirga haƙoran wanda ke Gwauron Dutse." Na yi dariya, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Amma na roƙe shi ya ba ni ita mako guda bisa jingina, domin ban yarda da cinikin biri a sama ba. Ya amince. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, saboda kamfanoni da dama sun yi irinta, kuma abin da na gano hali ne na dangin gaba ɗaya.

Bari mu fara da lambar nan da aka rubuta da manyan haruffa, tun da ita ce ke sayar da kayan. Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna ɗauka 50x na nufin kyamarar tana girmama abu sau hamsin fiye da yadda ido ke ganinsa. Ba haka ba ne. Lissafi ne na raba tsawon hangen gilashin na ƙarshe da na farko. Wadda na karɓo tana farawa daga milimita 24 ta ƙare a 1,200, a ma'aunin da aka gada daga tsohuwar kyamarar fim. Raba 1,200 da 24, ka sami 50. Wata kuma da ta fara daga 20 ta ƙare a 1,200 za a rubuta mata 60x, alhali ba ta fi ta farkon hangen nesa da ko taku ɗaya ba, faɗin abin da take kwasowa daga kusa ne kawai ya ƙaru. Babban gilashin nan fari da ake gani a hannun masu ɗaukar hoton ƙwallo a gefen fili, mai milimita 600, idan aka bi wannan lissafi 1x ne kacal, domin ba ya matsawa gaba ko baya. To wa zai ce ƙaramar kyamarar aljihu mai 10x ta fi shi?

Gasar lambobin ta yi nisa. A 2015 kamfanin Nikon ya fito da Coolpix P900 mai 83x, wadda ke kaiwa milimita 2,000. A 2018 ya ƙara da P1000 mai 125x, ta kai 3,000, har wata idan ya cika yakan kusa cika hoton daga sama zuwa ƙasa. Canon na da SX70 HS mai 65x. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce, ta yaya aka cusa irin wannan hange cikin abin da nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, alhali gilashin ƙwararru na milimita 600 shi kaɗai ya haura kilo uku, kuɗinsa kuma ya haura dala dubu goma?

Amsar tana cikin cikin kyamarar, inda mai shago ba ya nunawa. A bayan gilashi akwai ɗan allo da haske ke sauka a kansa, shi ne ya maye gurbin fim, ana ce masa sensa. A manyan kyamarori girmanta milimita 36 ne a faɗi da 24 a tsaye. A waɗannan masu zuƙo nesa kuwa wajen milimita 6.2 ne da 4.6, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Sai ka jera kusan talatin kafin su rufe babbar. Ƙanƙantar nan ita ce sirrin zuƙowar: ainihin tsawon hangen gilashin da na riƙe milimita 215 ne kawai, amma da yake ɗan tsakiyar abin da ya kwaso ne ke faɗawa kan sensar, sai ya zama tamkar 1,200. Wato abin da aka ba ka da dama, an karɓe wani abu a madadinsa da hagu. A kan wannan ɗan farce aka jera ɗigo miliyan 16, kowane ɗigo faɗinsa bai wuce kashi ɗaya da 'yan kai cikin dubu na milimita ba, har wajen hamsin za su jeru a kaurin silin gashi ɗaya. Ɗigo irin wannan kamar ƙaramin ƙoƙo ne da aka ajiye a tsakar gida ana ruwan sama. In ana sheƙawa zai cika, in yayyafi ake yi sai ya tashi da ɗan abin da bai kai a kurkure baki ba.

Wannan duk karatu ne. Na ɗauki makon nan domin in gani da idona.

Gwajina na farko mai araha ne, kuma ina ba duk mai niyyar saye shawarar ya yi shi. Na sami shafin jarida na Hausa wanda aka sa wa haruffansa lanƙwasa yadda ya kamata, abin da ba kullum ake dacewa da shi ba, na manna shi a bangon ɗakin gwajinmu ta waje. Na auna mita 10, da 25, da 50 da igiyar awo, na sa duwatsu. Na kafa kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku, na sa mata jinkirin daƙiƙa biyu domin kada dannawar yatsana ta girgiza ta. Na ɗauka da ƙarfe bakwai na safe, da ɗaya na rana, da kuma dab da magariba. Dalilin zaɓen rubutun Hausa shi ne, muna da ma'aunin da Bature ba shi da shi. 'Yar lanƙwasar da ta raba ƙ da k, ko ɗ da d, ita ce abu mafi ƙanƙanta a shafin, kuma ita ce ke raba ƙasa da kasa. Duk inda ta ɓace, nan ne iyakar abin da kyamarar ta gani da gaske.

A ɗan allon bayan kyamarar, duk hotunan sun fito tar. Nan ne tarkon farko yake. Allon inci uku ne, ba ya nuna ko kashi ɗaya cikin goma na ɗigon da ke cikin hoton, saboda haka yana ɓoye aibi kamar yadda fitilar daren biki ke ɓoye tabon shadda. Sai da na zuba su a kwamfuta, na buɗe kowanne a cikakken girmansa, sannan gaskiya ta fito. A mita 10 komai ya fita fes, har zaren takardar ana gani. A mita 25 da safe na karanta ƙananan rubutun ba tare da wahala ba, lanƙwasa tana nan. A mita 50 da safe kanun labarai sun fito, ƙananan rubutun kuwa sai da na haɗa da cinta, domin na san Hausa. Lanƙwasar ta narke ta zama ɗan duhu a kan harafi. Na kira wani abokin aikina da ba ya jin Hausa na ce ya kwafe mini layi ɗaya harafi bayan harafi, ya kasa. Wannan ya koya mini wani abu game da kaina: rabin abin da nake zaton kyamarar ta gani, ƙwaƙwalwata ce ta cike shi.

Akwai dalilin kimiyya a nan da ba laifin maƙera ba ne. Haske idan ya bi ta ƙaramar kafa yakan bazu, ba ya sauka a tsinin wuri ɗaya. Kafar hasken wannan kyamara a farkon zuƙowa tana wajen f/3, amma in an kai ƙarshe sai ta tsuke ta wuce f/6. Abu biyu ke faruwa lokaci guda. Hasken da ke isa sensa ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan tsinin haske guda ɗaya, maimakon ya faɗa kan ɗigo ɗaya, sai ya bazu a kan faɗin ɗigo wajen shida. Saboda haka miliyan 16 ɗin nan da aka rubuta a kwali suna nan a ƙidaya, amma bayanin da ke cikinsu bai kai haka ba. Da za a ninka su zuwa miliyan 32 a kan wannan sensa, babu abin da zai ƙaru sai nauyin fayil.

Hoton ƙarfe ɗaya na rana shi ya fi ba ni mamaki, domin na zaci a nan ne za ta fi yin kyau, tun da ga haske kamar a kwasa da tsintsiya. Sai na tarar layukan rubutun a mita 50 sun karkace, sun yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar ana kallonsu ta ƙarƙashin ruwa. Na ɗauka goma a jere, babu biyu da suka zo iri ɗaya. Kawalwalniya ce. Ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi tana tashi tana cakuɗa da mai sanyi, haske yana karkacewa a tsakaninsu. Idonmu ba ya lura da ita sai a kan kwalta daga nesa, amma gilashin da ke zuƙowa yana girmama ta tare da abin da ake ɗauka. Kyamarar miliyoyin nairori ma ba ta tsira daga wannan ba.

A rana ta uku hunturu ya sauko da hazo, kuma a nan ne na gane cewa yawancin sharhin da muke karantawa a kan waɗannan kaya ba a ƙarƙashin samaniyarmu aka rubuta shi ba. Mai gwaji a Ingila ko Jafan yana fama da ƙarancin rana, mu kuwa muna fama da abin da ke cikin iska. Ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, wanda masana ke lissafa shi a matsayin wuri guda mafi fitar da ƙura a duniya. Ranar da ta yi kauri har jirage kan kasa sauka a Kano. Mai zuƙo abu daga mita 200 yana ɗaukar hoton mita 200 na ƙura ne kafin ya isa ga abin. Na je na tsaya daidai inda mai shago ya tsayar da ni, na nemi ƙarfen sabis ɗin nan, na same shi toka-toka, baƙi ya koma ruwan ƙasa, babu gefe mai kaifi ko ɗaya. Abin takaicin shi ne, tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai, waɗanda domin su aka fi yin ƙidayar, a daidai wannan lokaci suke iso mana. Su da hazon tare suke zuwa, tare suke tafiya.

Rubutu ba ya motsi, kuma baƙi ne a kan fari. Gashin tsuntsu wani abu ne daban. Don haka na roƙi maƙwabcina ya bar ni in yi yamma ɗaya da zabinsa. Ban san abin gwaji da ya fi zabo ba: jikinsa cike yake da ƙananan ɗigo farare a kan toka, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da la'asar sakaliya, kyamarar tana kan ISO 100, wato mafi ƙarancin ƙarin ƙarfin da take yi wa haske, ɗigon sun fito ɗaya bayan ɗaya daga mita 20. Da rana ta yi ƙasa sai ta ɗaga kanta zuwa 400, hoton ya fara yashi-yashi amma ana iya aiki da shi. A 800 abin ya sauya kama. Kwamfutar da ke cikin kyamarar takan yi ƙoƙarin share wannan yashi, amma ba ta iya bambanta shi da ƙananan zanen gashi, sai ta share su tare. Zabon ya fito sumul kamar an shafe shi da man shanu, ɗigon wuyansa sun haɗe sun zama faci. A 1,600 da ba don ƙahon kansa ba da sai a ce kaza ce. Wanda ya kalli hoton a waya zai ce ya yi kyau. Ga mai son ya san ko wane irin tsuntsu ne, an goge masa amsar.

Rawar hannu kuwa ba sai na daɗe a kanta ba. A milimita 1,200, faɗin abin da kyamarar ke gani daga mita 100 bai wuce mita uku ba, saboda haka bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya fitar da tsuntsu daga hoto. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce ƙiftawar kyamara kada ta yi ƙasa da ɗaya bisa tsawon hangen, wato a nan kashi ɗaya cikin 1,200 na daƙiƙa. Na'urar hana rawa da ke cikin gilashin tana taimakawa ƙwarai, na sami hotuna masu kyau da hannu a kashi ɗaya cikin 250. Sai dai hannunka take riƙewa, ba ta riƙe tsuntsun.

Ranar Asabar ta wannan mako aka yi naɗin wani hakimi a garinmu, na tafi da ita. A nan na auna abin da ban yi niyyar aunawa ba. Mahayi ya taho da farin rawani da farar alkyabba, rana tana dukansa, fuskarsa baƙa a cikin inuwar amawali. Babu jarrabawar da ta fi wannan tsanani ga ƙaramar sensa. In ta bi fuskar, rawanin ya ƙone ya zama farin fili babu naɗi babu ninki. In ta bi rawanin, fuskar ta nutse. A gefen rawanin kuma, inda fari ya haɗu da duhun rumfa, sai ga wani siririn layi shuni-shuni wanda babu shi a zahiri, aibin gilashi ne da ya kasa tara launuka a wuri ɗaya. Na rage hasken da kaina da kusan mataki ɗaya, na ceto rawanin, na ɗago fuskar daga baya a kwamfuta, ta taso da yashinta. Na ambaci wannan ne domin balbela da farin zalɓe a kan baƙin ruwa matsala ɗaya suke bayarwa, kuma domin 'yan jaridarmu da ke sayen irin wannan kyamara saboda hawan Salla su san abin da ke jiransu. Amma in faɗi gaskiya, a wannan taro ne na ji daɗinta. Ina tsaye wuri ɗaya na ɗauki filin gaba ɗaya, bayan daƙiƙa uku na ɗauki zanen da ke jikin linzamin doki, ban canza gilashi ba, ban ba ƙura hanyar shiga ba. Wanda ya taɓa buɗe babbar kyamara a tsakiyar sukuwa ya san darajar wannan.

Bayan 50x akwai wani sashe da ma'aunin ke ci gaba zuwa 100x, har 200x. Wannan ba gilashi ne ke aiki ba. Yanko tsakiyar hoton ake yi a buɗa shi, kamar mai jan roba, babu wani sabon bayani da ke shigowa. Na kashe shi tun rana ta farko. A wayoyin hannu kuwa abin ya wuce buɗawa. A watan Maris na 2023 wani mutum ya ɗauki hoton wata, ya dusashe shi da gangan har ramukansa suka ɓace, ya sa shi a allon kwamfuta a ɗaki mai duhu, ya ɗauka da wayar Samsung daga nesa, sai ga wata ya fito da zane-zanen da babu su a abin da ke gaban wayar. Kamfanin ya yi bayanin cewa manhajar tana gane wata ne, ta kuma ƙara masa armashi da ƙirƙirarriyar basirar da aka horar da hotunansa. Ga mai son abin ɗorawa a Facebook wannan ba laifi ba ne. Ga malamin kimiyya, ko ɗan jarida, ko alƙalin da aka kawo wa hoto a matsayin shaida, tambaya ce babba: abin nan da nake gani, haske ne ya kawo shi ko na'ura ce ta zata? A wannan fuska tsohuwar kyamarar da ke hannuna ta fi mini kwanciyar hankali. Tana goge abu, amma ba ta ƙaga wanda babu.

Kafin in rubuta rahoto na ari kyamarar wani abokina mai sana'ar hoto, irin wadda sensarta ake kira mai inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wato ninki huɗu na tawa. Hangenta ya tsaya a milimita 600, 25x kawai aka rubuta mata, rabin lambar tawa. Na koma kan duwatsuna. Na ɗauki shafin da ita daga mita 50, na yanko tsakiyar hoton har ya yi daidai da na ɗayar. Da safe sun yi kunnen doki, har ma ta ɗan fi. Dab da magariba kuwa ba a haɗa su: a tata ana karanta ƙananan kanun, a tawa sun zama tabo. Dalilin a fili yake ga wanda ya kalli bakin gilasan biyu. A ƙarshen zuƙowa, kafar da haske ke bi a tata ta kai milimita 55, a tawa ba ta wuce 35 ba. Faɗin wannan kafa shi ne ke yanke hukuncin iyakar abin da za a iya rarrabewa daga nesa, kuma ban taɓa ganin an rubuta shi a kwali ba.

Da na gabatar da wannan a taron sashe, wani abokin aikinmu ya ce shi bai ga dalilin wahalar ba, a ƙara kuɗi kaɗan a sayo mai 83x a huta. Na ce masa lallai za ta fi kusanto da abu, kuma da safiya mai tsabta za ta fi tawa, amma sensarsu ɗaya, hazonsu ɗaya, kawalwalniyarsu ɗaya. Farfesa ya tambayi kuɗin mai inci ɗaya, na faɗa, aka yi shiru, sannan aka yi dariya. A ƙarshe na ba da shawarar a sayi wadda na gwada, a sa ragowar kuɗin a sanda mai ƙafa uku ta kirki, da batir biyu, da madubin hangen nesa, da kuɗin hayar kwalekwale. Ra'ayina shi ne mita talatin da masunci zai matsar da ɗalibi a kan ruwa sun fi duk wata lamba da za a ƙara a jikin gilashi. Na buga 'yan sharuɗɗa na manna a cikin murfin jakar: a yi ɗauka kafin ƙarfe tara na safe, kada ISO ya wuce 400, kada a taɓa zuƙowar da ta wuce ta gilashi, kowane tsuntsu a ɗauke shi sau goma, kuma a rubuta abin da ido ya gani a littafi kafin a ɗaga kyamara.

A ƙarshen Fabrairu ɗalibar da ke digiri na biyu ta dawo daga Dagona da hotuna fiye da ɗari huɗu. Na zauna da ita kwana biyu muna tacewa. Dinya da kirinjijiya da jinjimi sun fito yadda babu mai musu, wasu ma sun isa a sa su a bangon ofis. Kyamarar ta biya kuɗinta a kansu. Sai muka zo kan wani ɗan tsuntsun bakin ruwa wanda bai fi gwara girma ba, da ta ɗauka daga wajen mita 80, rana ta riga ta ɗaga. Akwai iri biyu masu kama da juna da ke zuwa mana daga can arewacin Turai da Rasha, kuma hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce launin ƙafa: ɗaya baƙa, ɗaya rawaya mai ɗan kore. Ta ce, "Malam, wallahi mai rawayar ƙafar ne, na gan shi." Na tambaye ta ko ta rubuta a littafi a lokacin. Ta sunkuyar da kai, ta ce sauri take kada ya tashi. Muka buɗe hoton a cikakken girmansa. Kaurin ƙafar bai wuce ɗigo huɗu ba, launinta kuwa wani abu ne tsakanin taɓo da toka, a hoto na uku ta yi kamar rawaya, a na bakwai ta yi kamar baƙa. Ta so mu ƙara masa haske da launi a kwamfuta, na ce za mu iya, amma duk launin da muka nema shi zai ba mu.

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta jawo jadawalin, a gaban lamba ta 37 ta rubuta "ba a tantance ba" da hannunta. Irinsa uku ne a cikin kundin da ta kare a watan Satumba. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya a kan shafin, ya tambaye ta dalili, ta yi masa bayanin faɗin ɗigo da nisan mita 80 da zafin ƙasa, ya gyaɗa kai ya wuce shafi na gaba. Bana ta ce za ta koma da kuɗin aljihunta, ta riga ta yi magana da mai kwalekwalen ya zo ya ɗauke ta tun da asuba.